Fostar fim ɗinmu: babba guda ko ƙanana da yawa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mu shida ne, ɗaliban Jami'ar André Salifou da ke Damagaram. Mun haɗa gajeren fim na minti 18 a kan wata yarinya mai tallar ruwa a unguwar Birni, kuma jaka 20 ta rage mana. Wasu sun ce mu buga babbar fosta guda ta leda, wasu sun ce ƙanana da yawa na takarda. Ga shi kowa yana son fuskarsa ta fito. Wanne za mu ɗauka? Daga wata ɗaliba a Sabon Gari.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sanya albarka a wannan aiki.

Ku buga ƙanana, girman A3, wato santimita 29.7 da 42. Ta leda ta fi jure rana da ƙurar hunturu, amma wuri ɗaya za ta tsaya, kuma fim ɗinku kwana ɗaya ko biyu za a nuna shi. Na takarda kuwa za su kai ƙofar jami'a, bakin Kasuwar Dole, Zango da wajen masu shayi. Ku nemi izinin mai bango kafin ku manna.

Sai dai maganar fuskokin nan ta fi damuna. Mai kallon fostarku a bayan kabu-kabu yake, ƙiftawar ido ɗaya gare shi. In kuka jera kawuna shida, babu wanda zai tsaya masa a rai. Labarin na yarinyar ne, to ku bar mata filin: ita kaɗai, da kayan tallarta a ka, duwatsun Birni ko bangon ƙasa a bayanta, yadda duk ɗan Damagaram zai gane gida tun daga nesa. Na san abin zai sosa wa abokanki rai, sun sha rana tare da ke. Haƙƙinsu ne sunayensu su fito, a rubuta su tsaf a ƙasa. In kuma yarinyar ƙarama ce, kada hotonta ya hau bango sai da yardar iyayenta.

Kada ku tsinko hoton daga cikin fim ɗin. Hoton bidiyo mai pixel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) 1920 da 1080 ya yi wa A3 kaɗan, domin bugu mai kyau a wannan girman yana neman kusan 3500 da 4960. Ku koma wurin da yamma bayan la'asar, ku ɗauki sabo da kyamarar a tsaye, ku bar sarari a sama don sunan fim. Bayan sunan, abin da ya kamata ya fi girma shi ne rana, lokaci da wuri.

Canva, manhajar tsara fosta, ta kyauta ta ishe ku, amma ku gwada ɓ, ɗ, ƙ da ƴ tukuna, don wasu salon haruffan ba su da su. Ku kai aikin a PDF cikin kile, ko ku tura shi ta WhatsApp a matsayin takarda, saboda in aka tura shi kamar hoto matse shi ake yi.

Kafin ki biya kuɗin duka, ki sa a buga guda ɗaya. Launin da ke sheƙi a salula yakan dushe a takarda, fuskar baƙar fata kuma takan nutse in hasken bai isa ba. Ki manna shi a bango, ki ja da baya taku goma. In kin karanta rana da wuri daga nan, a buga sauran.