Amsa: Wi-Fi ya haɗu amma babu intanet a Windows

Malam, ka ce kwamfutarka ta tebur ta haɗu da Wi-Fi amma shafi ko ɗaya ba ya buɗewa, alhali wayarka na aiki a kan rauta ɗaya. To, layin intanet ɗin lafiyarsa ƙalau.

Buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta ipconfig. Idan adireshin IPv4 ya fara da 169.254, kwamfutar ba ta samu adireshi daga rauta ba, Windows ce ta ƙirƙira wa kanta. Rubuta ipconfig /release, sannan ipconfig /renew. In kuwa da 192.168 ya fara, rubuta ping 8.8.8.8 don ka gwada ko kwamfutar na kaiwa ga wannan adireshin na Google. Idan amsa ta dawo, matsalar DNS ce, wato tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa adireshinsa, sai ka sa 8.8.8.8 da hannu a matsayin adireshin DNS a saitin Wi-Fi ɗin.

Ka leƙa bayan kwamfutar ma, eriya takan yi sako-sako, ka ɗaure ta sosai.