Bargon ƙyallaye a ƙaramin keke, da maganar rufe jinjiri da shi

Tambaya: Hajiya, cikina wata 7, haihuwar za ta faɗo tsakiyar hunturu. Na tara ƙyallayen atamfa zan ɗinka wa jinjirin bargo mai kauri, amma kekena Butterfly ne, da na tura bargon sai ya cushe. Ina tsoron sanyi ya kama min yaro. Yaya zan yi?

Amsa: Allah ya raba lafiya, ƙanwata. Kada ki tura bargon gaba ɗaya, ki yi shi gida-gida, wato ƙananan yanki masu kusurwa huɗu da za ki haɗa daga baya. Ki fara wanke atamfar, don tana zuba kuma tana tsukewa. Kowane gida ki jera ƙyallen baya, auduga, ƙyallen sama, ki bi su da ɗinki, sannan ki datse duka su zo daidai, misali inci 10. Wajen haɗawa, ki yanka tsiri mai faɗin inci 1 na gaba, da na baya inci 1¾ a ninke biyu. Ki ci kwatan inci a kowane ɗinki, audugar gidajen biyu za ta haɗu baki da baki, ba tudu. Tsirin bayan kuma ki kwantar da shi ki kama da allurar hannu.

Amma maganar rufe jinjiri da shi ce ta tsaya min a rai. Kullum sai na ji ta a wajen ɗalibaina, masu tallar kayan jarirai a WhatsApp kuma suna ta zuga mutane da saitin bargo mai tudun faiba har da ɗan filo. Wa ya ce musu jariri na buƙatar filo? Ɗan wata biyu ba ya iya ture bargo idan ya hau masa hanci, ba lalle ma ki ji kukansa ba. Ga zafin da ke taruwa a ciki, shi ma haɗari ne. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta daɗe tana cewa a kwantar da jariri rigingine a shimfiɗa mai tauri, ba filo, ba bargo mai laushi, har ya shekara. Na san kaka za ta ce su haka suka yi renonsu. Ki ba ta haƙuri, ki tsaya kan bakanki.

Idan sanyi kike tsoro, ki ƙara masa riga mai dogon hannu da safa, ki riƙa taɓa ƙirjinsa ko ƙeyarsa, in kin ji gumi ki rage. Bargon kuma ki ɗinka abinki, ki shimfiɗa masa a ƙasa ya yi wasa a kai kina zaune kusa.