Rigar kakanmu da muka tarar a adaka: ta ina ce, shekarunta nawa, nawa za ta yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Bayan rasuwar mahaifinmu mun buɗe wata tsohuwar adaka, muka tarar da babbar rigar kakanmu. Baƙa ce mai ɗigo-ɗigon fari, aikin wuya da na aljihu launin ƙasa-ƙasa, an yi mata shafi da wani jan ƙyalle mai sheƙi. A gida ana cewa wani sarki ne ya ba shi. Wani dillali ya gani ya taya, yanzu ya hana mu sakat. Yaya za mu gane inda aka yi ta, da shekarunta, da abin da ya kamata a saye ta? Daga wata 'yar'uwa a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta. Kafin komai, Hajiya, kada ku wanke rigar nan, kada a goge ta, kuma ku ce wa dillali ya dakata. Omo da dutsen guga sun kashe tsofaffin riguna fiye da yadda gara ta kashe.

Yadda kika kwatanta ta, ta yi kama da rigar saƙi, wato saƙar hannu da aka haɗa zaren da aka rina da baba da farin zare, har ta fito kamar jikin zabo. Bature ɗan Jamus Heinrich Barth, da ya shigo Kano a 1851, ya ga irin wannan riga a kasuwa ya kuma rubuta labarinta, don haka samfurin ya daɗe. Amma nan ne mutane suke ruɗuwa. Suna ganin zanen aikin riga irin su aska takwas ko aska biyu, da tambari da dagi, sai su ce ai rigar ta zamanin Shehu ce. Zanen ba ya faɗin shekaru, domin har gobe ana ɗinka shi a birnin Zariya kamar yadda aka gada. Zare da ƙyalle su ne shaidun da ba sa ƙarya.

Ki shimfiɗa rigar a kan farin zane inda akwai haske, ki juya cikinta waje. Fara da ƙwarya, wato faɗin saƙa guda da aka jera aka haɗa. Idan ƙwaryoyin sirara ne ƙwarai, kamar yatsa biyu ko ƙasa da haka, kuma suna da yawa, rigar manya ce, don kowace ƙwarya sai da aka saƙa ta aka kuma haɗa ta da allura. Sai ki dubi haɗin. Ɗinkin hannu ba ya tafiya daidai-wa-daida, wani taku ya fi wani tsawo. Na keke kuwa a jere yake kamar haƙoran mataji. Ki dubi zaren kansa: wanda mata suka kaɗa da mazari yana da kauri a nan, siranta a can, shi kuwa zaren kanti sumul yake daga farko har ƙarshe.

Wannan aiki mai launin ƙasa-ƙasa shi ya fi jan hankalina. Mai yiwuwa tsamiya ce, silikin gida da ake samu daga saƙar wasu tsutsotsi na daji, wanda Yarbawa suke kira sanyan. Ba ta ƙyalli kamar silikin kanti, tana da ɗan kaushi a hannu. Jan shafin kuma zai iya zama alharini, silikin da fatake suke kawowa daga Tarabulus ta hamada. Wannan ciniki ya ja baya ƙwarai bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka koma shigowa ta Ikko. Idan alharini ne na gaske, hakan yana karkata ga ƙarshen ƙarni na 19 ko farkon na 20. Sai dai akwai silikin roba mai kama da shi da ya cika kasuwa daga baya, kuma sau da yawa akan sake wa tsohuwar riga shafi idan na farko ya mutu.

Gwaji mai sauƙi: ki nemi silin zare ɗaya da ya riga ya zazzago, ba ki yanka ba, ki kusantar da shi ga ashana nesa da rigar. Siliki yana ƙauri kamar gashi, ya bar baƙin ƙulli da yake murmushewa a yatsa. Auduga tana ƙauri kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Zaren roba yana narkewa ya daskare kamar leda, kuma ganinsa a cikin ainihin aikin yana nufin rigar ba ta kai yadda ake zato ba.

Batun garin da aka yi ta, ki sassauta buri. Riga ɗaya takan bi hannu da yawa: a saƙa a ƙasar Nufe ko Ilori, a rina a Kano, malami ya zana, maɗinki a Bida ko Zazzau ya yi wata da watanni yana aiki. Da, aikin maza ne. Matan birnin Zariya sun shiga sana'ar ne sosai daga wajen shekarun 1970. Wanda ya saba zai iya cewa hannun ya yi kama da na Nufawa ko na Zagezagi, amma wanda ya rantse miki da sunan unguwa daga kallon hoto, ciniki yake nema.

Kuɗi kuwa, ba zan yanka miki farashi ban taɓa rigar ba. Abin da yake ɗaga ta shi ne saƙar hannu, tsamiya ko alharini na gaske, cikar aiki, da lafiyar ƙyalle, babu cin asu, babu faci. Abin da ya fi waɗannan duka shi ne labarinta. "Wani sarki ne ya ba shi" ba ya ƙara ko kwabo, amma sunan sarkin, da shekarar, da dalilin kyautar, ko naɗin sarauta ne ko wata hidima, da hoton kakanku sanye da ita, wannan yana sauya lissafi gaba ɗaya. Ki je wurin mafi tsufa a dangi tun yana raye, ki ɗauki muryarsa a waya.

Akwai kuma doka. Dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta 1979 tana ɗaukar aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, ba a fita da shi ƙasar waje sai da izini, kuma ba kowa aka yarda ya saya ba. Ki tambayi dillalin takardar izininsa. Sannan idan ba a raba gado ba, rigar ta dukkan magada ce, ba ta wanda take ɗakinsa ba.

Ki ɗauki hotonta gaba da baya, da cikin aikin, da haɗin ƙwarya, ki kai Gidan Makama a Kano ko gidan tarihi na Kaduna, ko sashen koyar da saƙa da rini na Jami'ar Ahmadu Bello da yake kusa da ku. Kafin nan, ki naɗe ta a farin zanen auduga wankakke, ba a leda ba, ki ɗaga ta daga ƙasa saboda danshi, ki riƙa sauya inda aka ninke ta lokaci-lokaci don kada zaren ya karye a kan ninki.