Tambaya da Amsa: Hartig da dabarar sare daji ba tare da ƙarar da shi ba

Tambaya: Malam, wane ne Georg Ludwig Hartig, kuma me ya sa ake yawan ambatonsa a karatun kula da gandun daji?

Amsa: Bajamushe ne, an haife shi a Gladenbach a 1764, ya rasu a Balin a 1837. A 1789 ya buɗe makarantar koyar da masu kula da daji a Hungen, a 1811 kuma ya zama babban jami'in gandun dajin Furusiya, wata masarautar Jamusawa ta wancan lokaci.

Abin da ya fi yi masa suna shi ne sara daki-daki, musamman a dajin bich, wata bishiyar Turai. A saran farko ana rage itatuwa kaɗan, a bar ƙosassu waɗanda rassansu suka kusa haɗuwa a sama, su zubar da iri, su yi wa tsiro inuwa. Idan tsiron ya kama ƙasa, sai a ƙara sara domin haske ya shigo. Sai ya yi ƙarfi sannan a kwashe manyan da suka rage.

Wurin lokaci ake yin ɓarna. Aka buɗe da wuri, ciyawa ta mamaye ƙasa, sanyin dare ya ƙone tsiro. Aka yi jinkiri, tsiro ya tsumbure a inuwa, kuma manyan itatuwa su karya shi wajen faɗuwa. Ga shi bich ba kowace shekara take zuba iri da yawa ba, dole a jira shekarar da ta yi 'ya'ya sosai. Don kada a karya tsiron ne ake fifita sara lokacin da dusar ƙanƙara ta lulluɓe shi.