Me Ya Sa Wayata Take Cewa Shafi Ba Shi Da Tsaro?

Tambaya: Wani mai karatu daga Kurna ya ce ya sayi waya ta hannu a Farm Centre, amma da ya buɗe wasu shafukan intanet sai jan gargaɗi ya fito cewa haɗin ba shi da tsaro, alhali a wayar ƙaninsa suna buɗewa lafiya lau. Ko kutse aka yi masa?

Amsa: Malam, ka kwantar da hankalinka, domin galibi ba kutse ba ne. Fara duba kwanan wata da agogon wayar, saboda idan sun kauce, wayar takan ɗauka takardar shaidar shafin ta ƙare ko ba ta fara aiki ba.

Idan agogo daidai yake, to ina kyautata zaton tsufan wayar ne. Kowane shafi mai tsaro yana nuna wa waya takardar shaida wadda wata hukuma ta sa wa hannu, ita kuma wayar tana da jerin hukumomin da ta amince da su, wanda aka saka mata tun daga masana'anta. Kamar mai gadi ne da aka ba shi sunayen baƙi shekaru da suka wuce, ba a sake sabunta masa ba: duk wanda ya zo daga baya, komai gaskiyarsa, sai ya tare shi a ƙofa. Misalin da ya fi shafar mutanenmu shi ne na Let's Encrypt, ɗaya daga cikin waɗannan hukumomi, wadda miliyoyin shafuka ke amfani da takardunta. Tushen shaidarta, wato babbar takardar da ke sa waya ta amince da ita, mai suna ISRG Root X1, babu shi a jerin wayoyin Android da ke ƙasa da 7.1.1, kuma dabarar da ta riƙa tallafa wa tsofaffin wayoyin ta ƙare a shekarar 2024.

Shiga saitin wayar ka duba lambar Android ɗinka, ka sabunta idan akwai hali. Manhajar buɗe shafukan intanet ta Firefox tana zuwa da nata jerin hukumomin, don haka idan wayar ta karɓe ta, shafukan za su buɗe, sai dai ba za ta gyara sauran manhajoji ba.

Abin da nake roƙonka shi ne kada ka danna "ci gaba" a shafin banki ko inda za ka rubuta lambar sirri, kuma kada ka bari mai gyara ya saka maka takardar shaidar da ba ka san asalinta ba, domin mai ita zai iya leƙa bayananka. Idan harkar kuɗi kake yi da wayar, gara ka tara ka sauya ta.