Tambaya da Amsa: Kwalekwalen Van Gogh a Bakin Teku

Tambaya: Malam, an ba ni kyautar kwafin wani zanen Van Gogh, kwalekwale huɗu a kan rairayi, babu ko mutum ɗaya. Me ake kallo a ciki? Daga wata mai karatu a Yawuri.

Amsa: Malama, kin yi dace. Vincent van Gogh, ɗan ƙasar Holan, ya yi zanen ne a watan Yunin 1888, bayan ya ziyarci Saintes-Maries-de-la-Mer, ƙauyen masunta a gaɓar Bahar Rum, kudancin Faransa. Na asalin yana gidan adana zanensa a Amstadam, tsayinsa santimita 65, faɗinsa 81.5.

Da farko ki san cewa ba a bakin ruwa ya shafa fentin ba. Masuntan kan yi sammako su tura jiragensu, don haka sai ya zana su a takarda da tawada da alƙalamin kara, ɗan'uwan wanda ake rubutun allo da shi, ya rubuta sunan launin kowane sashe. Da ya koma garin Arles ne ya yi fentin mai.

Ki ja baya kamar mita 2. Ki duba jikin jiragen: ja, kore da shuɗi, kowane launi a shimfiɗe, an kewaye shi da layi mai kauri. Wannan salo ya ɗauko shi ne daga zanen Japanawa da yake tarawa. Sai ki nemi inuwar jiragen a kan rairayi. Kusan babu. Shi ya sa suke fitowa tsaf, suna riƙe ido. Daga nan ki bi sandunan da ake ɗaura ƙyallen iska: sun gitta juna, sun keta sama, su ne ke hana zanen yin sanyi. Can dama kuma, cikin ruwa, ƙananan jirage sun riga sun tafi kamun kifi, nan ne masuntan da kike nema suke.

Yanzu ki matso kusa. Sama da ruwa da rairayi ba a shimfiɗe suke ba, gajerun shafe-shafen burushi ne, ana ganin sawun kowanne. A ganina wannan bambanci tsakanin jirage lafiyayyu da ruwa mai motsi shi ne daɗin zanen. A jikin ɗaya daga jiragen an rubuta Amitié, wato abota da Faransanci.

Matsalar kwafi ita ce yanka. Siffar takardar A4 ta fi ta zanen miƙewa a kwance, sai masu bugawa su datse sama, kan sandunan ya tafi. Idan za ki sake bugawa, ki nemi girman santimita 40 da 50. Kada ki rataye shi inda rana ke bugawa, domin ja da rawaya na tawadar injin bugawa kan riga sauran kodewa, ki wayi gari komai ya koma shuɗi-shuɗi.