Tambayoyinku: Biniyar haƙori siririya ko ta gargajiya, wacce zan sa?

Tambaya: Salam Dakta, dan Allah ina neman shawara. Haƙorana na gaba guda huɗu sun yi duhu tun ina ƙarama, an ce wani magani ne tetracycline da aka ba ni, kuma biyu sun ɗan turo waje. Naje wajen likita ya ce sai ya kankare su kafin ya sa min biniya, wato ɓawon da ake mannawa a haƙori, ni kuma naga a intanet akwai siririya da ba a kankarewa, wai ana cirewa in mutum ya gaji. Wallahi tsoron kankarewar nan nake.

Amsa: Wa alaikis salam 'yar'uwa. Tsoronki yana kan hanya, kuma naji daɗi da kika tsaya kika tambaya kafin ki kwanta a kujera. Ɓawon nan mai sheƙi da ke saman haƙori, wato inamel, in aka kankare shi ya tafi kenan, jiki baya sake yin wani, toh duk wanda aka yi wa ta gargajiya zai zauna da biniya har ƙarshen rayuwarsa, in ta tsufa a canza wata.

Biniya dai ɗan ɓawon tangaran ne da ake mannawa a fuskar haƙori. Wani likita a Kalifoniya, Charles Pincus, shi ya fara ta a 1928 saboda 'yan fim, lokacin ma bata daɗewa a baki, sai daga baya aka gano yadda ake ɗan gasa inamel da asid gam ɗin ya kama sosai. Ta gargajiya kaurinta wajen milimita 0.5 zuwa 0.7, shi yasa ake rage haƙorin dan a samar mata wuri. Siririyar, irin su Lumineers, wajen 0.2 zuwa 0.3 ce, sau da yawa ko allurar kashe zafi ba a yi.

Amma kinga inda matsalar take a wajenki. Abu mai siranta haka haske na ratsa shi, duhun tetracycline kuma daga can cikin haƙorin yake, zai leƙo ta ƙasa ki ga kalar ta yi toka toka, in kuma aka sa mara ratsa haske dan a rufe duhun sai ya fito fari fat kamar alli, kowa ya gani ya san ba naki bane. Sannan haƙoran da suka turo in aka ɗora musu abu ba a rage komai ba ai ƙara turowa za su yi, leɓe ya riƙa jinsu, bakin biniyar wajen dasashi ya yi tudu yana tara datti har dasashin ya kumbura. Siririya tafi dacewa da mai ƙananan haƙora, ko wushirya da ake so a rufe, ko ɗan ɓantarewa, kuma kalar dama da haskenta.

Maganar ana cirewa kuma, kar ki ɗauke ta yadda 'yan talla ke faɗa. Gam ɗin yana kamawa ƙam, cirewar ma sai da inji ko leza, kuma ba lallai haƙorin ya dawo yadda yake ba.

Dan haka a yadda kika kwatanta likitanki bai yi kuskure ba. Abin da zan roƙe ki, ki tambaye shi nawa zai kankare, ki ce ya tsaya cikin inamel iya iyawarsa domin gam yafi riƙe inamel akan dentin, wato sashen haƙorin da ke ƙarƙashinsa, kuma tsamin haƙori in an sha sanyi yafi sauƙi. Ki nemi ya gwada miki samfurin wucin gadi ki gani a madubi tukuna. Ki kuma tambayi ko wayar da ake ɗaurawa a haƙora za ta fara gyara turowar, sai kankarewar ta ragu. In akwai kogo ko ciwon dasashi a fara maganinsu, in kina cizon haƙora cikin barci ki faɗa masa a yi miki robar da ake sawa a baki da dare, in ba haka ba tangaran ɗin zai iya tsagewa tun kafin shekara 10 zuwa 15 da aka saba yana yi.